Jagora ga Mai Son Zama Mai Tsaron Wiket a Gasar Kurket ta Mata

Mutum goma sha ɗaya ke shiga fili a ƙungiyar kurket. Masu jifa kan kai biyar ko shida, bugu kuwa kowa na jiran layinsa. Mai tsaron wiket ita kaɗai ce tal. Wannan lissafi shi ke juya rayuwar duk wadda ta zaɓi aikin, domin in akwai wadda ta fi ki a ƙungiyarku, benci za ki ɗumama, ko da kin fi masu tsaron sauran ƙungiyoyin gasar. Amy Jones ta fara buga wa Ingila a 2013, amma safar hannun ba ta zama tata ta dindindin ba sai da Sarah Taylor ta ajiye wasan ƙasa da ƙasa a 2019. Shekara shida ke nan tana jira, ga kuma ƙwarewa.

Saboda haka mai neman wannan sana'a abu biyu za ta riƙa yi a lokaci guda: gyara hannunta, da neman ƙungiyar da za a ba ta safar hannu ta shiga wasa. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Ki fahimci aikin

Wiket sanduna uku ne da ake kafawa a ƙasa, tsayinsu santimita 71, faɗinsu gaba ɗaya bai kai santimita 23 ba, da 'yan itace biyu kwance a kansu. Tsakanin wiket ɗin wannan gefe da na wancan mita 20.12 ne. Ke a bayan sandunan mai bugu za ki tsaya. Duk ƙwallon da ya wuce ta, naki ne. In ya goga kulkinta kika cafe kafin ya taɓa ƙasa, ta fita. In ta bar layinta, wato layin da aka ja a gaban sanduna, ta kuskure ƙwallo kika kayar da 'yan itacen nan da shi, ta fita. In masu bugu na gudu, ke za a jefo wa ƙwallo daga kowace kusurwar fili. Ƙwallon da ya kuɓuce miki kuma aka samu maki da shi, a takarda ana kiransa "bai", kuma masu zaɓen 'yan wasa a kanki suke ɗora shi.

A wasan T20 jifa 120 ne, a wasan oba 50 kuwa (oba ɗaya jifa shida ne) jifa 300, ban da waɗanda aka maimaita. Kowane ɗaya sai kin tsuguna kin tashi, kina zaton naki ne, alhali mafi yawansu ba za su iso gare ki ba. Wahalar aikin ke nan: ƙwallon da zai yanke hukuncin wasa yakan zo ne bayan an daɗe ba ki taɓa komai ba.

Wasan mata na da nasa yanayin. Ƙwallonsu ya fi ƙanƙanta, nauyinsa giram 140 zuwa 151, na maza kuwa 156 zuwa 163. Jifa mafi gudu da aka auna a wasan mata shi ne na Shabnim Ismail ta Afirka ta Kudu a 2024, kilomita 132.1 a awa, kuma yawancin masu jifa a gasannin cikin gida ba su kusanci wannan ba. Ma'anarsa, mai tsaro a wasan mata ta fi takwaranta namiji yawan tsayawa dab da sanduna. Nan ne ake bambance gwana da 'yar koyo.

Mataki na 2: Kaya

Safar hannu ta waje mai fuskar roba, safar ciki ta auduga ko fata mai laushi, makarin ƙwauri wanda ya fi na masu bugu gajarta, hular kwano mai ƙarfen kare fuska, da takalmi mai riƙe ƙasa. Dokar wasan, wadda kulob ɗin MCC na Landan ke kula da ita, ta ce mai tsaro kaɗai aka yarje wa safar hannu da makarin ƙafa na waje a cikin masu tare ƙwallo, kuma ba a yarda da fata tsakanin yatsu ba sai tsakanin babban yatsa da manuniya.

Kuskuren da ya fi yawa a kulob ɗin 'yan mata shi ne a miƙa wa yarinya tsohuwar safar wani ƙato. Yatsunta ba su kai ƙarshen safar ba, ƙwallo ya bugi wurin da babu kowa ya lanƙwasa shi, ya zame ko ya tafi da farce. Ki nemi girman matasa in hannunki ƙarami ne, ki tabbata kan kowane yatsa ya zauna cikin makarinsa. Masu tsaro da yawa kan ɗan jiƙa safar ciki ta fata kafin wasa don ta kama hannu. Sabuwar safar waje kuma kada ki shiga gasa da ita. Ki yi ta kama ƙwallo da ita a atisaye har tafin ya yi kwarmi.

Hular kwano ba a ciniki a kanta in za ki matso kusa da sanduna. A 2012 ɗan icen kan sanda ya tashi ya bugi Mark Boucher na Afirka ta Kudu a ido a wani wasan share fage a garin Taunton, kuma daga ranar bai sake buga wasa ba. A Ingila dole ne duk wanda bai kai shekara 18 ba ya rufe kai da fuska in zai tsaya a nan. Ki ɗauki wannan a matsayin dokarki ko shekarunki nawa ne.

Mataki na 3: Tsugunno da hannu

Ki buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, nauyinki a kan gaban tafin ƙafa, diddige na ɗan taɓa ƙasa. Ki sauke ƙugu, kai a miƙe, idanu a daidaice. Hannaye biyu a haɗe, ƙananan yatsu na taɓa juna, tafuka a buɗe suna fuskantar mai jifa, kan yatsu na shafar ƙasa.

Yatsu ba sa nuna ƙwallo. Ko su kalli ƙasa, ko sama in ƙwallon ya haura ƙirji, ko gefe. Wadda ta miƙa yatsu gaba tana rufe hannu sama da ƙasa, asibiti za ta ƙare. Kuma ba a wawurar ƙwallo. Ki bar shi ya iso, ki janye hannu baya kaɗan tare da shi, kamar wadda aka wurgo wa ɗanyen ƙwai. Koci mai kunne yakan gane mai tsaro ko ya juya baya: kamun kirki na da wata tattausar ƙara, na wawura kuwa tas yake yi.

Wannan matakin ba ya buƙatar fili. Bango da ƙwallon tanis sun isa. Ki tsaya taku huɗu daga bango, ki jefa ya bugi ƙasa ya bugi bango ya dawo, ki kama da hannu biyu, sannan da dama kaɗai, sannan da hagu kaɗai, ba safa. Hannun da ba ki saba da shi ba ki ninka masa aiki. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Mataki na 4: Tsayawa daga baya

Ga mai jifa da ƙarfi, za ki ja baya. Nisan da ya dace shi ne inda ƙwallon, bayan ya bugi ƙasa ya tashi, zai fara saukowa ya same ki daidai ƙugu. Babu adadin taku da aka yanke, fili ne ke faɗa. A busasshen fili mara tsalle ki matso, a kan tabarmar wasa da aka shimfiɗa bisa siminti ki ja baya. Jifa biyu ko uku na farko su za su nuna miki. Sababbi kan tsaya da nisa don tsoro, sai ƙwallon da ya goga kulki ya faɗi gabansu. Ki sani kuma abokan wasan da ke jere a gefenki suna jiran gogar kulki, daga wurinki suke auna nasu nisan. In kin yi kuskure duk kun yi.

Ki ɗan fita gefe yadda jikin mai bugu ba zai tare miki hannun mai jifa ba. Tafiya da ƙafa ake yi, gefe-gefe, kai ba ya hawa da sauka. Ki yi ƙoƙarin karɓar ƙwallo a gefen ƙugunki na ciki, wato jikinki ya ɗan wuce layinsa ta waje, domin in ya goga kulki can zai karkata. Yin nutso a kama da hannu ɗaya na da kyau a hoto, amma sau da yawa shaida ce cewa ƙafa ta makara.

Mataki na 5: Tsayawa dab da sanduna

A nan za ki kashe mafi yawan lokacinki. Ga mai bugu da hannun dama, ki sa ƙafarki ta hagu a bayan sandar tsakiya ko tsakaninta da ta waje, kanki ya leƙo ta gefen kulki don ki ga jifa. Kusancin ya zama za ki iya taɓa 'yan itacen da ƙwallo ba tare da ɗaga ƙafa ba, amma ko kan safarki kada ya wuce sandunan.

Asirin shi ne kada ki tashi sai ƙwallo ya bugi ƙasa. Jiki zai so miƙewa tun ƙwallo na iska, musamman in mai bugu ta ɗaga kulki da ƙarfi. Ki danne. Ƙwallo ya sauka, ki tashi tare da shi, hannu na ƙasa yana bin sa sama. Ɗaga hannu daga ƙasa zuwa sama na da sauri, mayar da shi ƙasa kuwa ba ya yiwuwa a kan lokaci, shi ya sa wadda ta riga ƙwallo tashi take ganin sa ya bi ta tsakanin ƙafafunta. Ki zuba wa ƙwallon ido, ki manta da kulkin, ki ɗauka kowane jifa za a kuskure shi.

Ɓangaren ƙafar mai bugu shi ne jarrabawa. Ƙwallo ya nufi bayan ƙafafunta, jikinta ya rufe miki shi na ɗan ƙiftawar ido. Ki tsaya a inda kike har ki ga layinsa da inda zai sauka, sannan ki zame gefe a tsugune, hannu na gaba, ki fito ta ɗaya gefen kin riga kin san inda zai ɓullo. Ƙafarki ta dama ta tsaya kusa da sanduna don nauyinki ya dawo kansu. In kin tafi da wuri ba ki ga komai ba, in kin makara ya wuce, kuma babu mai koya miki tsakiyar sai maimaici. Ki samu wata ta tsaya da kulki tana kai duka tana kuskurewa da gangan, wata na jefowa daga rabin fili. Bayan mako biyu a ba mai kulkin sanda siririya, wani lokaci ta taɓa ƙwallon wani lokaci ta bari.

Ki saba da kai ƙwallo kan sanduna bayan kowane kamu, ko mai bugu na cikin layinta. Ranar da diddigenta zai ɗaga, hannunki ya riga tunaninki. Layin nan da ke mita 1.22 gaban sanduna ba mafakarta ba ce: sai wani sashe na ƙafarta ko kulkinta ya taɓa ƙasa a bayansa. In a kan layin take, ta fita.

Masu murza ƙwallo na ƙungiyarku kuwa ki zama inuwarsu. Duk ranar da za su yi atisaye ki tsuguna a bayansu, ki koyi yadda wuyan hannun kowace ke juyawa in za ta murza dama ko hagu ko ta sako shi a miƙe. In mai bugu ta ruɗe ke ma kin ruɗe, wahalar mai jifa ta tashi a banza. Daga nan ki fara matsowa ga masu jifa matsakaicin gudu. Amfaninsa a bayyane yake: mai bugun da ta saba fitowa gaban layi don ta tari ƙwallo, dole ta koma ciki in ta ji numfashinki a bayanta, kuma wannan kaɗai kan rage maki ko ba a fitar da kowa ba. Da wannan Sarah Taylor ta yi suna, har Adam Gilchrist, tsohon mai tsaron Ostareliya, ya ce a 2018 babu kamarta a duniya, maza da mata. Ki nemi bidiyon yadda ta cafe ƙwallon Jodie Fields ta Ostareliya a 2013: tun Fields na juya kulki don bugun baibai Taylor ta fara tafiya dama, ƙwallon ya same ta a can.

Mataki na 6: Dokokin da ke kama masu tsaro

Daga lokacin da mai jifa ta fara gudu har ƙwallo ya taɓa kulki ko jikin mai bugu, ko ya wuce sanduna, ko mai bugu ta fara gudu, dole gaba ɗayanki ki kasance a bayan sanduna. Kan safa ya leƙa, alƙali ya kira no-bol, wato jifan da ya saɓa doka, fitarwar ta rushe. Ana iya kayar da sandunan wadda ta bar layi a jifan da aka kira wayid, wato wanda ya yi wa mai bugu nisa, amma ban da no-bol da jifan kyauta da ke biyo bayansa. Hular kwano da kika ajiye a bayanki, in ƙwallo ya taɓa ta, maki biyar ne ga abokan hamayya. Haka in kika cire safa kika jefi ƙwallo da ita, haka in kika yi kamar ƙwallo na hannunki don ki yaudari masu gudu. Ba ki da izinin lallaɓowa daga baya ki iso sanduna bayan mai jifa ta taso. Sannan sanduna da ƙwallo ake kayar da su, ko da hannun da ke riƙe da shi. In 'yan itacen biyu sun riga sun faɗi, sai kin tumɓuke sanda ɗaya da ƙwallon a hannu.

Mataki na 7: Ki iya bugu

Ga maganar da masu tsaro ba sa son ji. A yau, in aka ajiye gwanar kamu mai raunin bugu da matsakaiciyar kamu mai zafin kulki, ta biyun ake ɗauka. Indiya misali ce. Taniya Bhatia na da hannu mai tsabta, ita ta tsare musu wiket har wasan ƙarshe na kofin duniya na T20 a 2020, amma Richa Ghosh 'yar garin Siliguri ta karɓe wurin saboda tana iya fitar da ƙwallo waje a obobin ƙarshe. Da ita Indiya ta ci kofin duniya a 2025. Ni a ganina ana wuce gona da iri a wannan, domin kamu ɗaya da aka zubar kan fi maki ashirin tsada. Amma ba ni ke zaɓe ba.

Alyssa Healy ta fara buga wa jiharta New South Wales ne a matsayin mai bugu zalla, domin Leonie Coleman ce ke riƙe da safar. Ko da ta shiga tawagar Ostareliya a 2010, ta yi shekaru tana bugu a can ƙasa ba wani abin a zo a gani. Bayan kofin duniya na 2017 aka mai da ita mai buɗe bugu, ta sake salo, ta ci 75 a wasan ƙarshe na 2020 a Melbon gaban 'yan kallo 86,174, ta kuma ci 170 a kan Ingila a wasan ƙarshe na 2022. Beth Mooney mai tsaro ce a ƙungiyoyinta na gida, amma shekara da shekaru kulkinta ne ya ba ta gurbi a tawagar ƙasa yayin da Healy ke bayan sanduna. Tammy Beaumont ta Ingila da tsaro ta fara a Kent, daga baya ta zama mai buɗe bugu.

To ki zaɓi gurbi. Ko mai buɗewa, wadda ke amfana da obobin farko lokacin da aka taƙaita masu tsaron nesa, ko mai ƙarasawa a lamba shida ko bakwai, wadda za ta shigo ta fara duka nan take. Ki raba lokacin atisaye biyu, kuma wani lokaci ki yi bugu bayan kin gama tsugunno na awa guda, don haka za ki same shi a wasa. Ki koyi tare ƙwallo a fili ba safa ma, saboda ranar da za a ce a yau wata ce za ta tsare.

Mataki na 8: Ido da baki

Babu wanda ke ganin wasa kamar ke. Ke kika san ko ƙwallo na lanƙwasa a iska, ko mai bugu na jan ƙafa, ko fili ya fara cin ƙwallo. Tsakanin oba da oba ki gaya wa kyaftin da mai jifa abu ɗaya gajere mai amfani. Ki daidaita masu tare ƙwallo da hannu, ki kira sunan wadda za ta cafe in ƙwallo ya tashi sama, ki ruga kan sanduna bayan kowane bugu don a samu inda za a jefo. A manyan gasanni da ake sake duba hukunci ta na'ura, ke kyaftin za ta kalla, kuma in kin cika cewa an fita alhali ba a fita ba, za a daina jin maganarki. Ƙarfafa 'yan wasanku daban, zagin mai bugu daban. Nigar Sultana ta Bangaladash ta haɗa tsaro da kyaftin, haka Healy ta yi daga ƙarshen 2023.

Mataki na 9: Tsani, da lokacin sauya sheƙa

Ko'ina tsanin kusan iri ɗaya ne: makaranta ko kulob, tawagar 'yan ƙasa da shekara kaza ta jiha ko gunduma, babbar tawagar jiha, sannan gasannin kuɗi. A Ostareliya akwai gasar jihohi ta WNCL tun kakar 1996/97 da WBBL mai ƙungiyoyi takwas tun 2015. Ingila ta kafa ƙungiyoyin yanki takwas a 2020, ta ƙara gasar The Hundred a 2021, sannan a 2025 ta mayar da tsarin hannun gundumomi, takwas a rukunin farko: Durham, Essex, Hampshire, Lancashire, Somerset, Surrey, Warwickshire da The Blaze ta Nottinghamshire. Indiya ta fara gasar WPL a 2023 da ƙungiyoyi biyar. Ki ƙirga da kanki: safa takwas, safa takwas, safa biyar.

Shi ya sa masu tsaro suka fi kowa ƙaura. Georgia Redmayne ta bar New South Wales, jihar Healy, ta koma Tasmaniya ta samu wasa, daga can ta wuce Queensland, inda ta ci 134 ba a fitar da ita ba a wasan ƙarshe na 2021 da ya ba jihar kofin WNCL na farko. In kin shafe kaka guda cur kina ɗaukar ruwa, ki je wurin koci cikin ladabi ki tambaye shi kai tsaye: me ya rage mini, kuma wasa nawa kake ganin zan tsare a kaka mai zuwa? In amsar ta zama kwana-kwana, ki nemi aro zuwa wata ƙungiya ko ki sauka rukuni na ƙasa. Wasa ashirin a ƙaramar ƙungiya ya fi riga mai kyau a benci. Ki kuma riƙa ajiye lissafinki: kamu nawa, fitarwa nawa, bai nawa, zubarwa nawa, tare da gajeren bidiyo da aka ɗauka daga bayan mai jifa da kuma daga gefe.

Ga 'yar Najeriya, ƙofar ita ce ƙungiyar kurket ta jiharki, daga nan gasannin matasa na Hukumar Kurket ta Najeriya. Tun Yulin 2018 hukumar duniya ICC ta ba wasannin T20 na matan duk ƙasashe mambobinta matsayin wasan ƙasa da ƙasa, kuma Najeriya ta buga nata na farko da Ruwanda a Abuja a Janairun 2019. Tawagar ta ci tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara a 2024, 'yan ƙasa da 19 kuma suka doke New Zealand da maki biyu a kofin duniya a Maleshiya a Janairun 2025. Akwai gasar gayyata da ake yi a filin Tafawa Balewa a Legas, da gasar Kwibuka a Kigali, inda ake ganin 'yan wasa. WPL na da wata doka mai amfani: ƙungiya na iya sa baƙi biyar maimakon huɗu in ɗaya daga ƙasa ce mai matsayin mamba na biyu a ICC, kuma Najeriya na wannan rukuni. Sarah Bryce, mai tsaron Sukotilan, daga irin wannan ƙasa ta fito har Delhi Capitals ta ɗauke ta. Iyayen da ke tunanin sutura kuma su kwantar da hankali: da dogon wando ake kurket, riga mai dogon hannu halal ce a doka, kuma Abtaha Maqsood ta Sukotilan da hijabinta take jifa.

Mataki na 10: Kuɗi da takarda

A gwanjon WPL na farko Royal Challengers Bangalore ta sayi Richa Ghosh rufi miliyan 19. Irinta 'yan kaɗan ne. A Ingila, a 2025 mafi ƙarancin albashin sabuwar shiga fam 20,000 ne a shekara, na wadda ta zauna da gindinta 28,000, daidai da na maza. A yawancin ƙasashe kuwa alawus ne na sansani da na wasa, ba abin da zai riƙe gida. Kada ki bar karatu. Redmayne ɗin nan likita ce, tana wasa ta gama karatunta.

In aka miƙo kwantiragi, kada ki sa hannu a ranar. Ki duba tsawonsa, wa zai biya magani in kin ji rauni, ko za a ci gaba da biyanki lokacin jinya, da ko an bar ki ki buga wata gasa. Wasa a ƙasar waje na buƙatar takardar amincewa daga hukumar ƙasarki. Duk wanda ya tuntuɓe ki ta Instagram ko WhatsApp yana tambayar wa zai buga gobe, ko ya yi tayin kyauta don ki saki bai a wata oba, ki kai rahotonsa nan take, domin yin shiru kansa laifi ne da ake dakatar da 'yar wasa a kai. Magani kuma, har na gargajiya da na ƙarin kuzari, ki nuna wa likitan tawaga kafin ki sha.

Mataki na 11: Jiki, zuciya, da abin da ke gaba

Gwiwa, ƙugu, gadon baya da yatsu su ne jarinki. Ki ƙarfafa cinya da tsokar ciki sau biyu a mako, ki miƙe gaɓoɓi bayan kowane wasa. Yatsan da ya kumbura ya ƙi lanƙwasuwa a ɗauki hotonsa, kada a ja shi a ɗaure a ce targaɗe ne, domin wanda ya warke a karkace haka za ki ƙare sana'a da shi. A lokacin zafi, mai hular kwano da safa biyu ta fi kowa zufa, don haka ki sha ruwa a kowane hutu ko ba ki ji ƙishi ba.

Aikin na cin rai, saboda kamu hamsin masu kyau ba mai magana, zubarwa ɗaya kowa ya gani. Ki samo wata 'yar al'ada ta wanke kai tsakanin jifa da jifa: ki miƙe, ki gyara safa, ki ja numfashi, ki koma. In damuwar ta wuce fili ta bi ki gida, ki faɗa wa wani. Taylor ta ɗauki hutu a 2016 saboda ciwon fargaba, ta dawo ta ci kofin duniya a 2017, sannan ta bar wasan ƙasa da ƙasa tana da shekara 30.

Tun kina wasa ki fara tara takardun koyarwa. ICC na da kwas na matakin farko ta intanet, hukumomin ƙasashe kuma na shirya na gaba da shi, har da na alƙalanci da na rubuta maki. Kociyoyin da suka san tsaron wiket da gaske ba su da yawa, yawancinsu tsofaffin masu jifa ne ko masu bugu, don haka wadda ta yi shekara goma a bayan sanduna ba ta rasa mai nemanta. A 2021 gundumar Sussex ta ɗauki Taylor ta horar da masu tsaron tawagarta ta maza.